Sunan Magani Tsakanin Baki da Kunne

Duk wanda ya taso daga tashar Unguwa Uku ya bi Titin Zariya ya nufi cikin gari, kafin ya fita daga Gyadi-Gyadi zai wuce kemis-kemis da ɗakunan gwajin jini da wuraren ɗaukar hoton ciki har ya gaji da ƙirge. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne ya janyo su. An kafa shi a 1988, ya fara da zaman aro a cikin Asibitin Murtala, sannan ya tare a mazauninsa na yanzu a tsakiyar shekarun 1990. Tun daga nan wannan yanki na Tarauni ya zama wurin da ake ambaton sunan magani dare da rana. Likita ya faɗa wa nas, nas ta faɗa wa mai jinya, mai jinya ya tsallaka titi ya faɗa wa mai kemis, wani lokacin ma ya kira ɗan'uwansa a waya ya ba shi sautu. Suna ɗaya sai ya ratsa baki huɗu ko biyar kafin ƙwayar ta kai cikin mara lafiya, kuma kowane baki da irin tasa lanƙwasar.

Na yi aikin jinya har na ajiye, a asibitocin gwamnati da na kuɗi, kuma a nan Unguwa Uku nake zaune. Idan na waiwaya, abin da ya fi tsaya min a rai game da sunayen magunguna shi ne yawan ƙarfin da muka ɓata wajen gyara harshen juna, alhali ƙofar da haɗari ke shigowa mun bar ta a buɗe.

Lokacin da muka shiga makarantar koyon jinya, magungunan da ake juyawa a ɗakin marasa lafiya ba su da yawa. Zazzaɓi, kulorokwin, in ya sa ƙaiƙayi a haɗa da Piriton. Ciwon jiki, asfirin ko Panadol, in ya yi tsanani a yi allurar Novalgin, wadda yanzu an daina. Wajen kashe ƙwayoyin cuta fenisilin ne sarki, sai Septrin da Flagyl da tetirasaikilin, da kuloramfenikol na masu taifot. A ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, malamin asibiti yana da manyan kwalabe jere a kan kanta, fari na ciwon ciki, mai duhu na tari, mutum ya zo da 'yar kwalbarsa daga gida a tsiyaya masa. Jama'ar gari ba su wahalar da kansu da sunayen Turawa ba. Kafso mai ja da rawaya sunansa ja-da-yalo, mai ja da baƙi sunansa ja-da-baƙi, kuma mai kemis ya san na farko tetirasaikilin ne, na biyu amfisilin. Wanda ya ɗan taɓa boko ya ce fanadol, saftirin, filajil. Kowa ya gane, domin babu wani magani na biyu da zai amsa wannan kira.

A makaranta ne abin ya zama laifi. Malamanmu sun koyi aiki a hannun Turawan Ingila, ko a hannun waɗanda Turawan suka koyar, kuma sun lissafa lafazi cikin tsabtar ma'aikaci, tare da farin kaya da yankan farce. Ina ganin girmansu har gobe. Su suka koya mana wanke hannu, da gyaran gado ba tare da an tayar da mara lafiya ba, da tsayuwa a kan mutum har ya samu sauƙi ko ya cika. Amma a wannan fanni sun yi mana illa ba da niyya ba. Bahaushe ba ya raba "p" da "f", sauti ɗaya ne a bakinsa. Ba shi da "v", sai ya mai da ita "b". Harshensa ba ya yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa babu wasali a tsakani, shi ya sa Flagyl ya koma filajil. Haka harshen yake a gine, kuma ta wannan hanyar ce asibiti da likita da kansu suka shigo Hausa suka zauna daram. Duk da haka ɗaliba za ta miƙe a aji ta ce farasitamol, a sa ta maimaita, ta sake, a sake sa ta, aji ya kwashe da dariya. Gobe ba za ta ƙara ɗaga hannu ba.

Abin da wannan ya haifar na sha ganin sa a zagayen safe. Likita ya tambayi ɗaliba wane magani mai gadon can yake sha. Ta san shi sarai, ta karanta shi a fayil, da hannunta ta ba shi da asuba. Sai ta sunkuyar da kai, ta faɗi gaɓar farko da ƙarfi, ta haɗiye sauran a maƙogwaro, yadda ba wanda zai kama ta da kuskure tunda ba wanda ya ji. "Kulo..." sai murya ta mutu. To, kulo wanne? Akwai kulofeniramin, wato Piriton, na ƙaiƙayi da mura. Akwai kulofuromazin, wato Largactil, na masu taɓin hankali. Akwai kulofurofamid, wato Diabinese, na ciwon suga, wanda in aka ba wanda ba shi da ciwon zai iya kayar masa da suga har ya suma. Ga kulorokwin, ga kuloramfenikol. Kunyar da aka dasa mata a aji ce ta yanke wutsiyar sunan, wutsiyar kuwa ita ke raba su. Abin da ya fi wannan muni, wadda aka saba yi wa dariya ba ta iya duban babba ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ba, a maimaita min." Sai ta gyaɗa kai, ta juya tana cankar abin da aka ce.

Kuma lafazin da ake tilasta mana ɗin, ko a cikin asibitin ba shi kaɗai ke yawo ba. A waɗancan shekaru asibitocin Arewa cike suke da likitoci 'yan Masar da Indiya da Pakistan, da nas-nas 'yan Filifin. Likita ɗan Masar zai ce banadol, domin Larabci ma ba shi da "p", kuma ban taɓa ganin an tsayar da shi an ce ya maimaita ba. Abokan aikinmu Yarabawa da Ibo da 'yan Filato kowa da nasa. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Abin da Ingila ke kira farasitamol, Amurka asitaminofen take ce masa. Adirenalin a can efinefirin ne. Salbutamol na masu asma kuma albuterol. Mu da aka yi wa horo a kan furusemid da lignoken, muna tsaka da aiki, wajen 2003 zuwa 2004, Ingila ta ajiye su ta koma furosemid da lidoken don ta bi sunayen duniya.

Waɗannan sunayen duniya Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke raɗa su tun 1953, kuma waɗanda suka tsara ƙa'idar sun san bakuna iri-iri ne za su furta su. Shi ya sa suka ce a rubuta "f" a maimakon "ph", "t" a maimakon "th", "i" a maimakon "y", a kuma guji "h" da "k" in da hali, don suna ya shiga kowane harshe ba da wahala ba. Sun kuma sa wa kowane dangin magani alama a jikin sunansa. Wanda ya ƙare da "olol", irin su atenolol, dangi ɗaya ne na zuciya da hawan jini. Mai "pril" a ƙarshe wani dangin hawan jini ne, mai "sartan" wani. Wanda ya ƙare da "silin" ɗan gidan fenisilin ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da hannun nas idan mara lafiya ya ce jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Ban ji wannan daga bakin kowa ba sai da na yi nisa a aiki, ranar da wani mai harhaɗa magunguna ya zaunar da mu a ɗakin shan shayi ya zana mana shi a bayan wata tsohuwar takardar gwaji. Da a shekarar farko aka koya mana shi, da mun daina jin sunayen nan a matsayin tarin haruffan da ake haddacewa da ƙyar, da kuma ba wadda za ta yi gangancin haɗiye ƙarshen suna.

Sai zamani ya juya, magunguna suka yi yawa. A 2005 Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar ta daina jin sa, aka koma haɗe-haɗen da ke ɗauke da atemisinin. Zazzaɓi mai tsanani, wanda a da muke rataya wa kwinin a cikin ledar ruwa, shi ma ya koma hannun allurar atesunet. Nan take ɗakin yara ya cika da sunaye masu farawa iri ɗaya. Atesunet gari ne, a dama shi a ba da shi ta jijiya. Allurar atemita kuwa mai ce, a tsoka kawai ake yin ta, ba ta shiga jijiya. Amma a bakin ƙofa, lokacin miƙa aiki, abin da za ka ji shi ne, "An ba shi ate?" Yanzu kuma ba kunya ce kaɗai ke yanke sunan ba, har da sauri da gajiya, da wata ɗabi'a ta nuna cewa mutum ɗan gida ne, ya san yaren ciki.

Dangin da suka fi ba ni tsoro su ne masu farawa da "sef". Seftiriyazon, sefurokzim, sefotakzim, seftazidim, sefikzim. Su alamar danginsu a gaba take, don haka wanda ya ce "a ba shi sef" tamkar ya tsaya ne a ƙofar babban gida ya kira "ɗan Malam", gidan kuwa 'ya'ya fal. Seftiriyazon galibi sau ɗaya ake yin sa a rana, seftazidim sau uku. Sefikzim sha ake yi. Jariri sabon haihuwa mai shawara ba a ba shi seftiriyazon, sefotakzim ake nema masa. Gaɓa biyu ko uku ne tsakanin sunayen nan, a cikinsu kuwa akwai lafiyar ƙwaƙwalwar jariri. Haka benzil fenisilin da benzatin fenisilin. Na farko ana ba da shi ta jijiya sau da yawa a rana. Na biyu fari ne mai kauri, a tsoka ake yin sa sau ɗaya cikin makonni, in ya shiga jijiya yana iya kisa. Duk wadda ta ce "benz" ta yi shiru, ta bar wa mai sauraro zaɓi tsakanin waɗannan biyun.

Ɗakin haihuwa ma ya samu nasa sababbin sunaye, kuma alheri suka kawo. A 2008 aka shigar da magniziyam salfet a asibitocin gwamnati goma na Jihar Kano don maganin jijjigar masu ciki, a maimakon dayazefam da muka saba da shi, kuma mace-macen masu jijjiga a waɗannan asibitoci ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da ɗoriya. Wadda ta taɓa riƙe mai jijjiga a zamanin dayazefam ta san abin da wannan lissafi yake nufi. Ba a daɗe ba sunan ya gajarce a bakin unguwarzoma ya koma "mag salf", wannan kam babu abokin rikici a ɗakin. A rubuce ne yake da abokin rikici: gajeren rubutunsa na kimiyya harafi ɗaya ne ya raba shi da na mofin, har hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta haramta rubuta su a gajarce tun 2004. A baki kuma, a ɗakin haihuwar dai, haidiralazin na saukar da hawan jini da haidirokotizon suna zaune a tire ɗaya, kuma dukansu ana yi musu "haidiro".

Wayar hannu ta iso a 2001, ta sauƙaƙa abubuwa da yawa. A da, in mara lafiya ya rikice da dare, masinja ake tura wa likita da littafi, ya zo da ƙafarsa ya rubuta. Da waya ta zo sai umarni ya koma ta iska. Akwai wata babbar sista da na yi aikin dare da ita a wani asibiti, Allah ya jiƙanta, wadda a wurinta na ga yadda ake riƙe waya. Janareta na ruri a bayan taga, layi na yankewa, ga matashin likita a ɗaya gefen da barci a muryarsa. Za ta maƙale wayar a kafaɗa, ta buɗe fayil, ta rubuta abin da ya ce tun yana faɗa, sannan ta karanta masa daga takardar, suna cikakke, gaɓa-gaɓa, da lafazinta na Kano ba ta sauya komai ba. In ta zo kan adadi sai ta bar Turanci.

"Dakta, sha biyar ka ce ko hamsin? Ɗaya da biyar, ko biyar da sifili?"

Wani ya amsa da daɗin rai, wani ya ce, "Haba Sista, ai na faɗa."

Sai ta ce, "Yi haƙuri ɗana, kunnen ne ya tsufa. Ƙara faɗa min."

Kunnenta garau yake. Ta ɗora wa kanta ne don kada yaron ya ji an ƙure shi, kuma ba ta ajiye wayar sai ya maimaita. Ta gano abin da littattafanmu ba su faɗa ba: a Turanci sha biyar da hamsin, fiftin da fifti, kusan sauti ɗaya ne, haka sha uku da talatin, sha huɗu da arba'in, har zuwa sha tara da casa'in. A Hausa ko a cikin rurin janareta ba mai rikita sha biyar da hamsin. Harshen da ake ganin shi ne nakasunmu, a wannan gurbi ya fi na littafin tsaro. Daga baya na ga an mai da irin abin da take yi doka a wasu ƙasashe. Hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta wajabta musu karanta umarnin baki a mayar wa mai bayarwa tun 2003, kuma a 2007 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai tara na kare marasa lafiya, na farkonsu a kan magunguna masu kama da juna a ido da kunne yake.

Ba ina cewa lafazi ba shi da wani tasiri ko kaɗan ba. Akwai inda "p" da "f" ɗin nan suke da nauyi. Allurar kashe zafi da aka fi amfani da ita a asibitocinmu, wadda sunanta ke farawa da "p", a bakinmu fentazosin ce, kuma ma'aikata sun gajarce ta zuwa "fenta". A ɗakin tiyata kuma akwai fentanil, mai farawa da "f" na asali, wanda saboda ƙarfinsa da maikirogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. A bakin Bature harafin farko ya raba su. A bakin Bahaushe bai raba ba. Sai dai ko a nan, maganin abin yana ga faɗin sunan har ƙarshensa: fentazosin da fentanil ba sa rikicewa, "fenta" ce ke rikicewa. Wanda ya iya fitar da "p" ya fitar, ya ƙara tsaro. Wanda bai iya ba ya cika sunan, ya faɗi adadi da ma'auni, ya isa.

Su ma waɗanda aka haifa da Turanci a baki suna faɗawa wannan rami. A Amurka an yi ta rikita maganin gyambon ciki mai suna Losec da Lasix na fitar da ruwa daga jiki, har a 1990 aka sauya wa na farkon suna ya koma Prilosec. A 2016 aka sake yin haka: Brintellix na ciwon damuwa ya koma Trintellix saboda ana rikita shi da Brilinta mai hana jini daskarewa. Ba su tara ma'aikatansu sun koya musu lanƙwasa harshe ba, sunan suka gyara. Wata dabarar da suka ɓullo da ita kuma ita ce buga gaɓar da ta bambanta sunaye biyu da manyan baƙaƙe a jikin kwali, don ido ya faɗa kanta kafin hannu ya ɗauka.

A wajen katangar asibiti labarin ya fi tsawo. Tashar Unguwa Uku tana sauke mutane daga hanyar Zariya da Kaduna da garuruwan kudancin Kano, da yawansu asibiti suka zo, wasu kuma sautun magani aka ba su. Tsoho a ƙauye ya ce wa direba a sayo masa "na hawan jinin nan, amlo", ko "ƙaramin farin nan na suga". Hanyar da ta fi tseratar da mutane tun da, kuma har yanzu, ita ce fanko: kwalin da ya ƙare, ko katin da aka ɓare ƙwayoyinsa, a naɗe a leda a cikin aljihu. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe wannan, za ka ga Hajiya ta kwance bakin zani ta fito da kwali har ya yi laushi don daɗewa. Duk ma'aikacin da ya raina wannan fanko bai san aikinsa ba. Yanzu hoton kwali a WhatsApp ya zo ya taimaka, kuma ina ganin cikin duk abin da waya ta kawo wa harkar magani shi ne mafi amfani.

Matsalar da fanko bai warware ba ita ce magani ɗaya mai suna goma. Coartem da Lonart da Amatem duk haɗin atemita da lumefantirin ne. Uwa ta ba yaro ɗaya daga ciki, zazzaɓi bai sauka da wuri ba, ta koma kemis ta ce a canza mata, a miƙo mata abu ɗaya a sabon kwali. 'Yan'uwanmu da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram suna shigowa da takardu da Faransanci, a jakarsu akwai Doliprane ko Efferalgan, a nan kuma a ƙara musu Panadol, duk kuwa farasitamol ne, wanda in ya yi yawa hanta yake ci. Nas da ta tsaya a sunan kamfani ba za ta kama wannan ba, sai wadda ta juya kwali ta karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Tun da aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari a 2024 aka mai da su Dangwauro, a kan wannan Titin Zariya dai, katan-katan ɗin da ke ɗauke da waɗannan sunaye ta gabanmu suke wucewa.

Wasu sunayen kuma sun tsallake katanga sun tafi inda ba a aike su ba. Yaron da bai taɓa kwanciya a asibiti ba ya san tiramol, ya san kodin, ya san rochi, kuma yana faɗinsu ba gargada. Sai da BBC ta nuna fim ɗin bincikenta a 2018, wanda Kano ta fito a ciki, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Ina ambaton wannan ne kawai don a ga cewa wuyar suna ba ta taɓa hana Bahaushe mallakar kalmar da yake buƙata ba.

Yaran da ke aikin yanzu sun fi mu sakin baki. Suna da digiri, wasu sun yi karatu a Masar ko Sudan ko Indiya, kowa da waya a aljihu, in suna ya gagara sai a danna a ji yadda Ba'amurke ke faɗinsa. Da yawansu suna shirin jarrabawar Turanci ta tafiya aiki Ingila, don haka suna goge lafazi da gaske, kuma ba na ganin laifinsu. Ina jin daɗin yadda ba sa tsoron likita irin tsoron da muka yi. Amma ina sauraronsu in na je dubiya, gajarce suna ya fi na zamaninmu yawa, har ya zama ado. Kuma dariyar ba ta mutu ba, ta dai sauya wuri: yanzu wadda ta fito daga makarantar jinya ta ƙaramin gari, ko ma'aikacin lafiya na matakin farko da ya rako mara lafiya daga ƙauye, su ake yi wa murmushi in sun ce "amfikulos". Mutumin nan shi ya san abin da aka ba mara lafiya kafin a taso. In murmushi ya sa ya taƙaita bayani, an yi asarar abin da ba a rubuce yake ko'ina ba. A manyan asibitocin da suka koma rubuta magani a kwamfuta an huta da mummunan rubutun hannu, sai dai sunaye masu kama suna jere ne ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, kuma yatsan da ya gaji yana iya zamewa layi guda.

Da za a ba ni aji ɗaya a makarantar jinya yau, ba zan ɓata minti ɗaya a kan "p" ba. Zan sa kowace ɗaliba ta miƙe ta faɗi seftiriyazon da ƙarfi, da harshen gidansu, har ƙarshe, ta faɗi adadi da Hausa da Turanci, sannan ta kalli idona ta ce, "Malama, ban ji ba, maimaita," har kalmar ta daina yi mata nauyi. Ina kuma son in ga an daidaita yadda ake rubuta sunayen nan da Hausa, domin a yanzu mai shirin lafiya a rediyo da mai rubuta takardar wayar da kai da nas mai rubuta wa tsohuwa a bayan kwali kowa nasa yake yi, ni ma a wannan rubutu kunnena na bi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, tana kuma da sashen koyar da aikin jinya, ga masu harhaɗa magunguna a Asibitin Malam Aminu Kano. Jerin muhimman magunguna na ƙasa 'yan ɗaruruwa ne kawai. In aka zauna, a fara da na ɗakin haihuwa da na ɗakin gaggawa na yara, a fitar da masu kama da juna a jera su biyu-biyu, a buga da manyan baƙaƙe a manna a jikin kabad ɗin magani na kowane ɗaki, da kwafi ɗaya ga kowane kemis daga Gyadi-Gyadi zuwa Na'ibawa.